Daga Kambaza Zuwa Gandun Dajin Kainji: Tarihinsa da Namunsa da Amfaninsa ga Mai Nazarin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk yaron da ya tashi a Kambaza, ko a wani gari na ƙasar Gwandu da Kalgo, ya san sunayen namun daji tun kafin ya san baƙi da wasali. A tatsuniya yana jin labarin zaki da giwa da ɓauna, a bakin manya kuma yana jin ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko kuwa giwa a garin wani zomo ce. Amma in aka ce ya siffanta gwanki, ko ya bambanta kanki da mariya, sai magana ta tsaya. Dalili kuwa a fili yake. Abin da ke kewaye da Kambaza a yau gonakin gero ne da dawa, da fadamun shinkafa da albasa, sai gawo da kuka da dogon yaro jefi-jefi, da sabara da geza da kalgo a kan fako. Sunayen namun sun zauna a harshe, su kuwa namun sun yi ƙaura.

Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin wuraren da suka rage musu, watau Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda shi ne na farko irinsa a Nijeriya. Ba a cikin Jihar Kabi yake ba, yana cikin jihohin Neja da Kwara ne. Sai dai ruwan da ya ratsa Argungu da Birnin Kabi, in ya faɗa Kogin Kwara, a tafkin Kainji yake taruwa, kuma kan tafkin na arewa yana ƙasar Yawuri. Za a bi tarihin dajin, a kawo itatuwansa da namunsa, a dubi sha'anin shaƙatawa a cikinsa, sa'an nan a nuna abin da ya sa makomarsa ta shafi mai nazarin Hausa.

2.0 Ma'anar Gandun Daji

Bahaushe yana da kalmomi da dama na wurin da ba gari ba, ba gona ba. Akwai daji da jeji da dawa, waɗanda ma'anarsu ta yi kusa da juna. Akwai kurmi, inda itatuwa suka haɗa kai a bakin ruwa har rana ba ta taɓa ƙasa, akwai duhuwa da sarƙaƙiya, akwai kuma ƙungurmin daji, wanda ba a jin ko carar zakara a cikinsa. A duk waɗannan ba a nuna mai wurin. Kalmar gandu kuwa ta saɓa musu, domin gandu babbar gona ce ta gida ko ta sarki, wadda ake yi wa aiki tare, aka kuma san mai ita. Masana tarihi ma sun ce sunan Gwandu daga wannan kalma ya samo asali, domin wurin gandun Kanta ne, Sarkin Kabi na ƙarni na 16.

Ke nan da aka haɗa kalmomin biyu aka ce gandun daji, an kawo wani sabon tunani ne: daji mai iyaka, mai ubangida, wanda ba a shigarsa sai da izini. Duk da haka keɓe fili don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hukuncin filin da ba a raya ba, inda ya yi bayanin hurumi da ikon da shugaba ke da shi na keɓe wuri. Haka nan a Argungu, Sarkin Ruwa kan hana su a Matan Fada har sai lokacin buɗewa ya yi. Bambancin kawai shi ne, a gandun dajin ƙasa gwamnatin tarayya ce mai hani, abin da ake tsarewa kuwa shi ne dajin kansa da abin da ke rayuwa a cikinsa.

3.0 Tarihin Dajin

3.1 Kafin Zuwan Turawa

Babban ɓangaren gandun yana cikin ƙasar Bargu, yamma da Kogin Kwara, ƙasar da manyan garuruwanta suka haɗa da Busa da Nikki da Illo da Kayama da Wawa. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa, domin ta nan fataken goro ke bi zuwa Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, kafin ya kai kasuwar Salaga. A 1826 Baturen nan Clapperton ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000. Shekara 20 kafin haka, watau a 1806, a Busa ne jirgin Mungo Park ya gamu da ajalinsa.

Abubuwa uku suka hana wannan daji cika da mutane. Na farko ƙudan tsando, mai sa wa shanu da dawaki sammore, wanda ya sa makiyaya ba su daɗewa a wurin. Na biyu wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu, wanda cizonsa ke jawo makanta, har ya sa ƙauyuka suka nisanci bakin kogi. Na uku yaƙi. Bargawa sun yi suna da kibiya mai dafi, rundunonin jihadi ba su ci ƙasarsu ba, saboda haka mutane suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, tsakaninsu kuwa sai daji.

Irin wannan ya faru a ƙasar Sakkwato ma. Dajin Gundumi ya yi kauri a ƙarni na 19 saboda hare-haren Gobirawa, har Barth, wanda ya ratsa shi a 1853 kafin ya iso Gwandu a zamanin Sarki Halilu, ya yi tafiyar yini da kwana a cikinsa ba tare da ya da zango ba. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani tsoro ne makiyayin daji. Inda mutum ya ji tsoron kafa bukka, nan itace ke girma, nan nama ke hayayyafa. Da aka sami kwanciyar hankali a ƙarni na 20, jama'a ta yawaita, gatari da garma suka shiga inda a da ba su shiga, sai dazuzzukan ƙasar Gwandu suka koma gonaki. Bargu kuwa, saboda ƙuda da ƙarancin jama'a, dajinta ya saura.

3.2 Zamanin Turawa da Bayansa

A 1894 Lugard ya yi rige-rige da Faransawa zuwa Nikki don ƙulla yarjejeniya, a 1898 kuma Ingila da Faransa suka raba Bargu biyu. Nikki ta faɗa ɓangaren Faransa, inda take cikin Jamhuriyar Benin a yau, Busa da Kayama suka faɗa na Ingila, daga baya aka haɗa Illo da ƙasar Gwandu. A 1916 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar gandun daji da dokar kare namun daji, daga nan En'e-En'e suka shiga keɓe dazuzzuka, aka sami ma'aikacin da talakawa ke kira malamin daji, laƙabin da a da dila kaɗai ke amsa shi. A 1956 aka keɓe Yankari, a farkon shekarun 1960 aka keɓe dajin Bargu don namun daji, a 1963 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji.

Babban abin da ya sake fasalin yankin shi ne madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968 don samar da wutar lantarki. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka sake wa mutane wajen 44,000 matsuguni, aka gina Sabuwar Busa. Bayan haka aka haɗa dajin Bargu da na Zugurma, wanda ke gabas da kogi, dokar soja mai lamba 46 ta 1979 ta mai da su gandun dajin ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 5,340, Bargu na da wajen 3,970, Zugurma kuma 1,370. Shi wannan tsari na gandun dajin ƙasa a Amurka aka fara shi, da dajin Yellowstone a 1872, ya iso makwabta tun 1954 da aka kafa gandun da ake kira W a kan iyakar Nijar da Benin da Burkina Faso. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kabi, aka cire Busa daga Jihar Kwara aka mai da ita Neja, aka kuma ƙara wasu gandayen ƙasa, cikinsu har da Gashaka Gumti, wanda ya fi duka girma.

4.0 Itatuwa da Namun Dajin

Ruwan sama na shekara a Bargu yakan haura milimita 1,000, na ƙasar Gwandu kuwa kusan 800 ne, damina kuma ta fi tsawo a can. Wannan ya sa itatuwan suka bambanta. Wanda ya saba da gawo da aduwa da kalgo, in ya shiga Bargu zai tarar da doka da kawo da maje da madobiya da ƙirya da taura da baushe, da kaɗanya da ɗorawa, ƙarƙashinsu kuma gamba ce wadda takan shanye tsawon mutum da kaka. Wanda ya ga inda doka ta yi rukuni iyakar ganin ido zai gane abin da ake nufi da dokar daji. A bakin Kogin Oli, wanda ya taso daga Benin ya ratsa gandun, akwai kurmi na maɗaci da kanya da tsamiya. Da rani kogin kan yanke ya bar gurabu masu zurfi, a nan dorina da kada ke zama, nan kuma sauran namu ke zuwa shan ruwa.

Cikin namu masu ƙaho da aka sani a dajin, guda biyar sun cancanci bayani, domin su ne aka fi ruɗa sunayensu:

(a) Gwanki: girmansa ya yi kusa da na doki, yana da dogayen kunnuwa, fuskarsa baƙi da fari, ƙahoninsa sun lanƙwashe baya. Shi ake yi wa laƙabi da sha bara, saboda yawan auna shi da maharba ke yi.

(b) Kanki: doguwar fuska gare shi, kafaɗarsa ta fi ƙugunsa tudu, ƙahoninsa gajeru ne masu karyewa baya, ga shi da juriyar gudu.

(c) Mariya: ja ce, ba ta kai waɗancan girma ba, tana kiwo garke-garke a fili kusa da ruwa, namijin kaɗai ke da ƙaho.

(d) Gwambaza: mai kaurin jiki da yawan gashi, launinsa toka-toka, ba ya nisa da ruwa.

(e) Mazo: ja ne mai zane da ɗigon fari, ba ya shiga garke, a duhuwa yake yini.

Ban da waɗannan akwai ɓauna da gada da batsiya da kwanta-rafi da mugun dawa, akwai gwaggon biri da jan biri da kirka, akwai beguwa da dabgi. Masu cin nama sun haɗa da zaki da damisa da kura da dila. A tafki akwai ayu, wanda masunta ke da camfe-camfe masu yawa a kansa. Tsuntsaye kuwa sun haɗa da burtu da cilakowa da zabon daji da fakara da zalɓe da mikiya da gaggafa.

Sai dai wannan jeri ba ya nuna yawa. A shekarun 1970 ana ganin garken giwa a Bargu, amma an daɗe rabon da a same su zaune a dajin, haka ma kyarkeci. Wani bincike da aka buga a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma duka wajen 400 ne, a wurare huɗu kacal, biyu daga cikinsu Kainji da Yankari, kuma na Nijeriya gaba ɗaya ba su kai 50 ba. Watau manyan dawa da kowace tatsuniya ke naɗa shi sarki, ƙauye ɗaya na ƙasar Gwandu ya fi dukan zuriyarsa ta Nijeriya yawan jama'a nesa ba kusa ba.

5.0 Shaƙatawa a Daji

A al'adar Bahaushe ba a zuwa daji haka kawai. Ana zuwa ne da bukata: itace, ko kiwo, ko saiwar magani, ko zuma, ko farauta. Farautar ma iri biyu ce. Akwai ta maharbi, wanda sana'arsa ce ta gado, mai tafiya shi kaɗai da kwari da baka, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci nama. Akwai kuma farautar gayya ta rani, wadda samarin garuruwa ke fita da karnuka da gora da kiɗa, wadda rabinta neman nama ne, rabinta nuna jarunta da nishaɗi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara shi a sigarsa ta yanzu a 1934, shi ma ya nuna cewa Kabawa sun san nishaɗi a fili da ruwa. Amma a duk waɗannan ana komowa gida da wani abu a hannu.

Gandun daji ya zo da wani salo dabam, watau a je a kalli nama a bar shi da ransa, a komo da labari da hoto. A shekarun da Kainji ke karɓar baƙi, lokacin ziyara kan fara daga wajen Disamba zuwa faɗuwar damina. Dalili kuwa shi ne, ma'aikata kan sa wa ciyawa wuta da wuri, tun ba ta bushe ƙarau ba, don kada gobarar bazara ta cinye itatuwa, sai fili ya buɗe, sabon tsiro ya fito, namu kuma su taru a guraben Oli. Baƙo kan shiga ta Wawa, a haɗa shi da ɗan rakiya, ya sauka a masaukin da ke bakin kogin, a fita da shi cikin mota da sassafe da kuma la'asar sakaliya, lokacin da namu ke fitowa kiwo. Wasu kan ƙara da yawo cikin jirgin ruwa a tafki, da ziyarar madatsar ruwa. Ɗalibai ma na zuwa, domin a Sabuwar Busa akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji da cibiyar binciken kifi.

Amma akwai abin dubawa a nan. Manomin da gandu ya ci gonar kakansa, da maharbin da doka ta mai da sana'arsa laifi, da makiyayin da aka toshe wa burtali, ba su ne ke hawa motar kallo ba. Ga su, gandun daji wurin hani ne da tara. Muddin maƙwabtan daji ba su ga rabonsu a cikinsa ba, to, tsaronsa zai tsaya ne a kan bindigar ma'aikaci kaɗai, ita kuwa ba ta isa ta tsare murabba'in kilomita 5,340 ba.

6.0 Matsalolin da ke Fuskantar Dajin

Matsala ta farko ita ce farauta ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta tashi daga neman na miya ta koma kasuwanci, bindiga kuma ta maye gurbin kibiya. Ta biyu ita ce kiwo. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun tura makiyaya kudu, magungunan sammore kuma sun rage musu tsoron tsando. Shanu kan yi gasar ciyawa da ruwa da namun daji, su sa musu cuta, a kan sassabe kawo da madobiya don ganye, wani lokaci kuma a sa wa mushe guba don a huce haushin zaki. Ta uku ita ce saran itace don katako da gawayi. Madobiya musamman ta sha sara a Afirka ta Yamma saboda kasuwarta a ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu.

Ta huɗu, wadda ta fi su muni, ita ce rashin tsaro. Tun daga farkon shekarun 2020 'yan bindiga suka kafa sansani a sassan dajin, suna kai hari ƙauyukan da ke kewaye, baƙi suka ɗauke ƙafa, aikin sintiri ya yi wuya. Irin wannan ya sami Kamuku da Rugu da Gundumi. A nan ne tarihi ya juya. Tsoron ƙarni na 19 ya kori mutane ya bar daji ya huta. Tsoron wannan zamani kuwa masu tsaron dajin ya kora, ya bar masu cinsa a ciki da babura da bindigogi da injin yankan katako.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ƙuda da yaƙi suka tsare dajin Bargu a da, da yadda doka ta karɓi wannan aiki daga 1916 zuwa 1979, da kuma yadda ita dokar ta raunana. Abin tambaya shi ne, ina ruwan sashen Hausa da wannan? Amsa ita ce, kaso mai yawa na karin magana da kirari da tatsuniya da laƙabin sarauta a kan namun daji aka gina su, ma'anarsu kuma ta dogara ga sanin halin naman. Wanda bai san damisa ita kaɗai take yawo ba, kuma ba a yi mata sabo, ba zai kai ga zurfin kiran mutum ƙi sabo ba. In nama ya ƙare, kalmarsa kan daɗe a baki, amma sannu a hankali sai ta zama fanko, har a wayi gari ɗalibi ya fassara gwanki da kanki da mariya duka da barewa.

Saboda haka akwai aiki iri biyu. Na hukuma shi ne maido da tsaro, da sanya maƙwabtan daji cikin kula da shi da cin amfaninsa. Na ɗaliban Hausa kuwa yana nan kusa, ba ya bukatar jiran hanyar Wawa ta buɗe. A Kambaza da Gwandu da Kalgo da Jega akwai tsofaffin maharba da masunta da masu magani, waɗanda suka san sunan kowane nama da sawunsa da kukansa da makwancinsa, da sunan kowane icce da amfaninsa, cikin Sakkwatanci tsantsa. Ya kamata a zauna da su, a naɗi bayaninsu, a rubuta shi tare da siffa da hoto, tun suna raye. Dajin da ke kewaye da Kambaza ya riga ya tafi, na Kainji kuma yana cikin haɗari, Hausawa kuwa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.